Ranar da Kayan Kyauta Suka Mai da Ni Ɓarawo

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba zan manta da wata Talata a Dogon Dutsi ba. Lokacin ina gyaran ordinata, wato kwamfuta, a cibiyar koyarwa ta wani matashin ɗan kasuwa, Alhaji Sanusi. Mutum ne mai tsoron haram. Ko allura ya tsinta, sai ya kai cigiyarta har Matankari.

Ku sababbi a sana'ar nan, ku gane. Lojisiyel, wato abin da ake zuba wa ordinata ta yi aiki, iri biyu ne. Akwai na kamfani, sai ka sayi izini. Akwai buɗaɗɗe, wanda masu shi suka ce kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani. Injinanmu tsofaffi ne, wasu na rantse sun girme ni, sai na zuba musu buɗaɗɗen. Suka miƙe kamar an shayar da su fura.

Ran nan Alhaji ya kira ni biro, wato ofishinsa.

"Kawu Idi, nawa munka sayi abin ga?"

"Kyauta ne, Alhaji."

"Wa ya ba ka?"

"Mutanen duniya."

"Ka san su? Sun san ka? Haba Kawu, da furfurarka! Abin da babu mai shi, babu resin biyan kuɗi, sata ne. Ka cire shi yau, ko ka aje mini makullina."

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Na ce kamar gayya ce, kowa ya zo da hauyarsa. Ya ce a gayya ai ana ganin fuskar mai noma. Na tuna bakunan da ke jirana a gida, na cire shi.

Da la'asar ya dawo daga kasuwa da faifai cikin leda, an rubuta sunan kamfani a kai da hannu.

"Ga na asali. Na biya, ga resi har da tambari."

"Alhaji, wannan fa shi ne na satar. Kwafi ne."

"Kawu, ɓarawo na ba da resi?"

Na zuba. Injina suka koma tafiyar jaki cikin yashin Sukukutane. Bayan sati allo ya fara rubuto cewa kwafin nan ba shi da izini. Na nuna masa, ya ce kamfanin ne ke son a biya shi sau biyu.

Ban rasa aikina ba, na dai rasa ƙarfin gardama. A sana'ar nan ba inji ke gajiyar da mutum ba. Mutanenmu sun fi yarda da wanda ya karɓi kuɗinsu a kan wanda ya ba su kyauta. Kai kuma da ka san bambancin, da hannunka za a sa ka zuba satar.