Baba Oba-oba da Hannun Tela

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Oba-oba ake ce masa, har jikokinsa, kuma tun yana ɓata rai har ya haƙura ya koma amsawa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare: ya wanke kwalabe, ya jera wayoyi, ya hana ɗalibai babbake gashin girarsu. Ana saura wata biyu ya yi ritaya aka ce ya kwashe tarkacen sito. Can ƙarƙashin karyayyun kujeru ya tsinci wani akwatin ƙarfe mai nauyin rabin buhun siminti, gabansa duk maɓallai. Rediyo ne, amma ba na jin labarai ba. Irin wanda mutum ke magana a ciki ne, wani mai irinsa a wata duniya ya ji ya amsa. Shugaban makaranta ya ce a jefar. Baba kuwa ya bi umarni, ya jefar da shi a kan teburin falonsa.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Ya zauna jarrabawa da furfurarsa, ya karɓi lasisin yin magana ta iska. Ya saba da 'yan gwangwan na bayan kasuwa, har suna ajiye masa duk wani tsohon akwati mai maɓalli, ya saya ya goyo shi a babur kamar jariri. Ya goge tsatsa da tsohon buroshin haƙori, ya canza kwalaben ciki masu kama da ƙwan fitila, ya liƙe wayoyi da dalma. Cikin shekara shida rediyo tara suka tashi a hannunsa. Na falo suka kori kwanukan tangaran daga kabad, eriya kuma ta ratsa tsakar gida daga bishiyar mangwaro zuwa tankin ruwa.

Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga. Ba ta taɓa hana shi ba, sai dai ranar da ya tarar ta shanya zannuwan gado a kan eriya.

"Uwargida! Wannan fa ita ke kai muryata ƙetaren teku!"

"To ai ban ga ta kai ba, Malam. Kafin ta tashi tafiya, bari ta busar min da kaya."

Nan ne kuma inda gizo ke saƙar. Kullum da la'asar Baba kan gyara zama, ya yi gyaran murya, ya faɗi lambar lasisinsa da Turancinsa na ɗakin gwaji, ya rufe da "oba, oba", kalmar miƙa magana a rediyo da ta jawo masa sunan, ya saurara. Yakan samu masu amsawa, amma duk na kusa ne: wani tsohon injiniya a gari na gaba, da wani likitan dabbobi da ba ya da zance sai ciwon gwiwarsa. Na nesa kuwa yana jin su ƙasa-ƙasa, su ba sa jin sa.

Ana haka tsufa ya shigo ba sallama. Hannunsa na dama ya soma rawa. Ya samo wani rediyo da ya girmi 'yarsa ta fari, wanda ya tabbata shi ne zai kai shi nesa, amma duk sanda ya ɗauki ƙarfen narka dalma sai ya ɗiga ta inda ba a aike shi ba. Wata rana ya ƙona yatsa har sau biyu. Ya ture kayan, ya zauna ya yi tagumi, shayinsa ya huce a gabansa. Kwana uku bai kunna komai ba, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

A rana ta huɗu Uwargida ta tsayar da keke, ta jawo kujera.

"Nuna min inda ake so ta ɗiga."

"Ke kuma? Wannan ba ɗinkin hannun riga ba ne."

"Shekara arba'in ina zura zare a allura ba tabarau. Miƙo."

Ya miƙa yana gunguni. Ta ɗiga sau ɗaya, dalmar ta zauna das, tana ƙyalli. Baba ya ɗauki gilashin ƙara girma ya nemi aibu har ta ƙasa, bai samu ba.

"Ba laifi," ya ce. "Ga mai koyo."

Daga ranar aiki ya rabu biyu. Shi ke riƙe takardar zanen wayoyi da tocila, yana ba da umarni, ita ke aiwatarwa, wani lokacin ma kafin umarnin ya iso. Mako biyar suka yi a kai. Ranar da suka kunna, kwalabe suka yi ja, ɗakin ya ɗauki ƙaurin tsohuwar ƙura. Baba ya danna maɓallin magana, ya faɗi lambarsa cikin ƙasaita, sai idonsa ya faɗa kan murfin rediyon.

"Ina noti na huɗu?"

"Kai ka cire shi."

"Na cire na ba ki."

"Ka ba ni? Malam, kai da ko almakashina ka ɗauka sai an yi cigiya?"

Nan suka shiga, daga noti zuwa almakashi, daga almakashi zuwa laimar da ya manta a mota shekara goma sha biyu da suka wuce. Sai can ya lura maɓallin magana ya maƙale, jar fitila na kunne. Duk abin da suka faɗa ya hau eriya ya tafi. Ya yi sauri ya ɓamɓare shi, gumi na karyo masa.

Rediyo ya yi shuu. Sai ga muryar namiji, can nesa, tana tashi tana faɗuwa, kuma da harshensu:

"Baba, don Allah ka ba Mama haƙuri. Ka duba aljihun rigarka."

Baba ya sa hannu a aljihu. Ga noti.

Mai muryar makanikin jirgin ruwa ne da ya yi ritaya a wani tsibiri mai sanyi. Ya ce ya fi shekara ashirin bai ji ana faɗa da harshen uwarsa ba, yana murɗa maɓalli ya ci karo da su, ya kasa wucewa. Uwargida ta share ido da gefen ɗankwali. Baba ya buɗe taswira, ya auna nisan da taƙi, ya sake aunawa.

Tun daga nan, duk ranar Laraba da la'asar makanikin kan kira. Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya faɗi lamba, su gaisa a gurguje, sai mutumin ya ce, "Mama na kusa?" Su ɗauki rabin awa, tana koya masa yadda ake rage wuyan riga, tana masa faɗa kan rashin kiran 'yan uwansa, Baba na gefe riƙe da abin magana.

In maƙwabta suka tambaye shi yadda aka yi, yakan gyara tabarau ya ce ɗalibarsa ce, kuma tana ƙoƙari, sai dai har yanzu akwai sauran gyara. Uwargida na bakin taga tana ji. Sai ta ƙara wa keke gudu.