Ranar da Monica Ta Zauna

Monica Silas ta zo Sakkwato daga Langtang da akwati ɗaya da ƙafar da ba ta san zama ba. Cocinsu ne ya turo ta ta riƙe wani ɗan ɗakin shan magani da suka buɗe a wani ƙauye a bayan gari. Ɗaki ta kama a gidanmu na Mabera, ƙofarta na kallon tawa, shi ya sa na san ta fiye da yadda take so.

Ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu, 'yarta Faith tana karatu a Jos. A tsaye take cin abinci. In ta dawo daga ƙauye, ko takalmi ba ta cirewa sai ta hau sharar tsakar gidan da na riga na share, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Zafin garin ya hana ta sakat, furarmu ta yi mata tsami, Hausarmu kuma wai muna haɗiye rabinta. Na ce mu ma tata sai mun kasa kunne.

Ta zo da fargabar addininta zai sa a guje ta. Matan ƙauye kuwa ba su damu ba, tunda tana yafa mayafi kuma hannunta ba ya da zafi wajen allura. Abin da ya kusa rushe mata aiki daban ne.

Wata rana wata tsohuwa, Iyatu, ta kawo jikanta Zayyanu. Bai shekara ba, gudawa ta tsotse shi har maɗigarsa ta faɗa. Uwarsa Adawiyya ta biyo su, ta tsaya can bakin ƙofa tana kallon bango. Monica ta tambaye ta sunan yaron, shiru. Ta miƙa mata shi ta ba shi nono, ta ja da baya. Nan fa Monica ta sauke mata kwandon faɗa a gaban mata, har da cewa ko akuya ta fi ta tausayin ɗanta. Iyatu ta goya yaron suka fice, ruwan gishiri da sukarin da aka haɗa masa ko rabi bai sha ba. Washegari ba wadda ta leƙo.

Da ta ba ni labari tana huci, sai na tambaye ta ko ɗan fari ne. Ta ce haka ta ji. Na dafe kai. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta rungumarsa a gaban surukarta, ba ta nuna ta damu ko da cikinta na ƙuna. Nawa ɗan farin ya yi gemu, har yau ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba a nan zan fara ba.

"To in kunya ta kashe yaron fa?" in ji Monica.

"Kunya ta kawo shi hannunki," na ce. "Bakinki na yak kore shi."

Na so in janye maganar, don na ga ta shige ta. Ranar ko tsintsiya ba ta taɓa ba.

Da safe ta hau kabu-kabu sai gidan Iyatu. Sauran labarin daga bakinta na ji. Ta durƙusa ta ba tsohuwa haƙuri, tsohuwa ta amsa a daƙile. Yaron na kwance a ɗakin uwarsa, ko kuka ba ya iyawa, ɗakin kuma cike da mata. Monica ta haɗa ruwan, ta ajiye kofi da cokali kusa da tabarma. Ta ce tana son ruwan zafi da yawa, Iyatu da sauran matan su taimaka su dafa. Da suka fita, ba ta dubi Adawiyya ba, bango ta fuskanta ta ce a riƙa ba shi cokali-cokali, a huta, a sake, kuma kada a hana shi nono.

Sai ta fito ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ɗakin baya, ta tare hanya.

Matar da ba ta iya zaman cin tuwo, ta zauna tun hantsi har la'asar. Ta ce mini ƙafafunta har ƙaiƙayi suke, hannunta na son taɓa maɗigar yaron, tsoro ya kama ta kada yaron ya cika a bayanta tana zaune. Ba abin da take ji sai ƙarar cokali a bakin kofi. Can ta ji wata 'yar murya tana lallashi, irin wadda ba a yi in da ido. Ta ƙanƙame gwiwoyinta, ta ƙi waiwayawa.

Ana kiran la'asar yaron ya tsala kuka. Sai ta ji an ajiye kofi a gefenta, babu komai a ciki.

"Wanga yaro ya shanye," in ji Adawiyya daga bayan labule. "Gobe ki dawo ki zamna."