Tukunyar Irin Iya Tasalla

Shekara uku ke nan da rasuwar kakata, Iya Tasalla. Ta rasu lokacin girbi, a shekarar da ta gabaci mulkin kai, don haka ba ta ga sabuwar tuta ba, ba ta kuma ji waƙar da muke rerawa da safe a filin lakol, wato makarantar boko, ba. Mutanen ƙauyenmu da ke bakin Gulbi, kusa da Tibiri, suna tuna ta da faɗa da ban dariya. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai ɗan yatsanta ne, da yadda take ɗalle zangarniyar shinkafa da shi.

Tana da 'yar gona a fadama, inda ruwa yake kwanciya bayan gulbi ya janye. Jar shinkafa take shukawa, wadda ta gada wurin uwarta. Ba ta da kyan gani. Idan aka surfa ta sai ta kakkarye, tuwonta kuma ya fito da launin tukunyar ƙasa. Amma wanda ya ci da safe ba ya neman komai sai la'asar.

A cikin gonar akwai wata da ba wanda ya shuka ta, shinkafar daji. Ganyensu ɗaya, tsayinsu ɗaya, ba a rabe su sai sun nuna. Kafin a sa lauje, Iya takan shiga ruwa har gwiwa, ni ina biye da ita da zaren kaba a hannu. Sai ta ɗalle zangarniya. Idan ƙwaya ta zube cikin ruwa, ta tuge tushen ta jefar kan tudu. Idan ƙwaya ta tsaya, ta miƙo hannu ba tare da ta waiwayo ba, in ba ta kaba ta ɗaure. Waɗanda aka ɗaure su ne irin baɗi.

"Bebiyata, mi kika gani?" Haka take kirana saboda rashin maganata.

Na ci gaba da murza kabar da ke hannuna.

"To, ni in gaya miki, tunda bakin naki aro ne. Ta daji ita ka zubda ɗiyanta, ba ta jiran kowa. Wagga kuwa ta gida ce. Riƙe su take sai an zo an amsa. In ba a zo ba, tsuntsu ya ci, shi ke nan."

A girbinta na ƙarshe tana tari, duk da haka ta shiga ruwan. Ta zuba zangarnun da muka ɗaure a ƙaramar tukunya, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka. Ta tura tukunyar ƙarƙashin gadona, ta ce, "Baki ne ba ki da shi, ido kam kina da."

Da damina ta zagayo, Baba ya karɓo sabon iri daga malamin gona, farar shinkafa mai yawan ƙwaya. Ban ga laifinsa ba, gidanmu da yawa muke. Bai hana ni komai ba, don bai ma san da tukunyar ba. Kalma ɗaya ake bukata, in ce, "Baba, a bar mini ɗan gefe." Na shirya ta a bakina sau da yawa. In na kai masa ruwa a gona sai in tsaya ina kallon tururuwa a kan ƙotar fartanyarsa, har ya ce, "Mi ne ne?" in ce ba komai. Damina ta wuce, wata ma ta wuce.

Nakan tambayi kaina me Iya za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi wa tutar ba'a, ta tambaya ko tana korar tsuntsaye. Za ta yi murna da na iya karatu, ko da ba za ta nuna ba. Abin da ba na son ta gani shi ne yadda nake cinye farar shinkafar da ake dafa mana a lakol, har ina suɗe kwano. Tana da daɗi, ta fi tata laushi. Duk lomar da na kai baki nakan tuna da abin da ke ƙarƙashin gadona, yana tsufa cikin duhu. Iri ba ya jira har abada.

Hutun bana na fasa lakar. Na ɗebi 'yan ƙwayoyi na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye gindin randa, kamar yadda na ga tana yi. Da na buɗe bayan 'yan kwanaki, yawancinsu sun ruɓe suna tsami. Kaɗan ne suka fito da farin tsiro, siriri kamar zaren ɗinki. Na zauna ina kallon waɗanda suka mutu, don na san bara da sun rayu.

Na iske Baba a zaure yana gyaran igiya. Maganar ta sake maƙalewa, sai na durƙusa na shimfiɗa tsumman a gabansa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murje ɓawon, jan ya bayyana.

"Ina kika samo ta tsohuwa?"

"Ƙarƙashin gadona, Baba."

"Shekara nawa tana nan, ina ta tambaya gari-gari ana ce mini ta ƙare? Kai, ɗiyar nan! Da gaske dai bebiya ce ke."

Ban taɓa sanin yana nemanta ba. Ya ba ni kusurwar gonar Iya da ruwa ya fi daɗewa, ya ce, "Amma ta daji ta cika wurin, ni kuwa ban iya rabe su ba. Ke kika riƙa bin tsohuwa cikin ruwa."

Na shuka duk irin da ke tukunyar, amma abin da ya tsiro bai fi faɗin tabarma biyu ba, kuma da ta daji a ciki. Yanzu an koma lakol, ina can Gidan Rumji, nesa da gida. Ranar kasuwa Baba ya aiko a gaya mini ta nuna, tsuntsaye sun fara sauka.

Iya ba ta bar zane ko awarwaro da ya daɗe ba, duk an raba. Abin da ya rage nata yana tsaye cikin ruwa, riƙe da 'ya'yansa, yana jiran a zo. Na rubuta duk wannan domin alƙalami ya fi mini sauƙi. Amma gobe da safe sai na tsaya gaban mushe, malaminmu, 'yan aji suna kallona, in nemi izinin zuwa gida da bakina. Na riga na yanki kaba na ajiye a jakata. Allah Ya jiƙan Iya Tasalla, Ya sa ta huta, ni kuma Ya buɗe mini baki.