Windows Tara da Isuhu ya jira

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar wana Isuhu, mai shagon odinateri, wato kwamfuta, a bakin kasuwar Malanville. Har yau in na wuce wurin sai na kau da kai. Albasa ake sayarwa a ciki yanzu.

Isuhu yana da wani hali da ya sha haɗa shi da tsohuwarmu. Duk ɗan da ya haifa, bayan sunan yanka sai ya laƙaba masa sunan Windows ɗin da ke yayi a shekarar. Babban ɗansa Ikispe, wato XP, mai bi masa Bista, sannan Bakwai. Da Takwas ta fito ba a yi haihuwa ba, ya ce gara haka, dama ba ta yi masa ba. Matarsa na da ciki ya fara kiran abin da ke cikin Tara.

Bai ga haihuwar ba. Windows Tara ma ba ta fito ba, masu ita suka tsallake zuwa Goma. Da yana raye, wallahi da ya yi wata yana mita, balle yau da ake maganar Sha Ɗaya. Yarinyar dai Tara muke kiranta.

Ita kaɗai ba ta san muryar ubanta ba. Amma muryar tana nan cikin tsohon odinaterinsa, don yakan naɗi maganarsa yana gwada makirfo, yana tsokanar 'yan kabu-kabu. Injin ya daina tashi, muka rufe shi da zane muna cewa wata rana.

Bara Ikispe, da ya zama magidanci, ya ɗauke shi ya ƙetara gada zuwa Gaya wurin wani mai gyara. Masu gyaran nan al'adarsu ɗaya ce: a share komai, a sa sabon tsari. Ya dawo yana murna injin ya tashi da Goma. Muka duba ko'ina, babu Isuhu. Ban yi masa faɗa ba, kukan da ya yi ya ishe shi.

Me ya rage na wana? Sunayen nan da ba mai iya gogewa, sai ciwon da ke raina. Ran nan Tara ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba ƙarami, to kai yi mini yadda yake magana."

Na buɗe baki zan kwaikwaya. Nan na gane ni ma na manta.