Tallar Zanen Gadon Gwaggo da Ta Kai Ni Zariya

Gari bai gama wayewa ba muka isa tashar Kawo, ni da wata ƙawata da nake ja duk inda za ni don ta fi ni iya ɗaukar hoto. Zariya muka nufa, wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai ɗinka zanen gado da labule a Muchia tun ina goye.

Masu bin shafin nan sun san sana'ata. Ina sa wa ƙananan shaguna tallar kuɗi a shafukan sada zumunta, mataimakin AI da ke wayata kuma shi ke tsara kalmomin, ya zaɓi waɗanda za su gani, ya nuna mini inda kuɗi ke zurarewa. Sati uku ina yi wa Gwaggo wannan aikin daga Kaduna. Mataimakin yana cewa saƙonni na shigowa, ita tana cewa ko rigar filo ba ta sayar ba. Ƙarshe ta kira ni ta ce ta sami mai sayen kekunan ɗinkinta, ranar Litinin zai zo, ita kuma ta koma ƙauye wajen ɗanta. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kama hanya ran Juma'a.

Direba ya cusa mu huɗu a baya, ya ƙara kuɗin mota, ya ɗora laifin a kan fetur kafin ma a tambaye shi. Damina ta zauna, masara ta yi kore shar hagu da dama. Wajen Jaji muka sayi dafaffiya, mai tallar ta rantse da safen nan aka karyo ta, haƙorana kuwa suka ce ƙarya ne. Wata dattijuwa ta mai da kafaɗata filo har Kwangila, da ta farka ta yi mini godiya kamar na san da zancen.

Daga nan muka hau keke zuwa Sabon Gari. Ina son unguwar nan. Mai kayan mota na ciniki da Turancin buroka, maƙwabcinsa na amsa masa da Hausa, kowa kuma ya gane kowa. Gwaggo ta ƙi sauraren zancen waya sai da muka sha kunu da ƙosai. Ƙawata ta shafa zannuwan da ke jibge, ta kalle ni, na gane nufinta: ba daga kayan matsalar take ba.

Ɗaliban jami'a na sa tallar ta nufa, don haka da azahar muka shiga bas zuwa Samaru. Can rabin magana Hausa ce, rabi Turanci, kuma kowa sauri yake yi ko da ba inda za shi. Muka zauna wajen wata mai awara, na nuna wa 'yan mata biyu tallar. Ɗayarsu ta ce ta gan ta, har ma ta tura saƙo. Ta buɗe wayarta ta miƙo mini. Ta rubuta, "Mama ina kwana, ya aiki?" Amsar da ta samu nan take jerin farashi ne da lambar asusun banki.

"Anti, ni fa na ɗauka 'yan damfara ne," in ji ta. "Wace uwa ce za a gaishe ta ta miƙo lambar asusu?"

Kunya ta kama ni, don ni na sa mataimakin ya riƙa amsa saƙonni da kansa, wai kada Gwaggo ta wahala, ni kuma na ce ya je kan magana kai tsaye. Na duba sauran saƙonnin. Kusan duka da gaisuwa suka fara, kuma a kan jerin farashin nan suka mutu. Gwaggo ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Da muka koma Muchia na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ashe mutane sun yi ta sallama a ƙofata, 'yar nan, ke kika hana ni amsawa."

Na rubuta wa mataimakin abin da na gano. Bai yi gardama ba. Muka raba aiki: shi ya kula da talla da kuɗinta, gaisuwa da ciniki na Gwaggo ne. Da na ce masa ranar Lahadi tana coci, ya ba da shawarar a dakatar da tallar da safiyar ranar, a kuma taƙaita ta ga Samaru, Hanwa da Sabon Gari, inda mutum zai iya hawa keke ya zo ya taɓa kaya da hannunsa. Ƙawata ta ɗauki hoton Gwaggo tana taka keken ɗinki. Gwaggo kuwa ta sa tabarau, ta bi tsofaffin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya tana amsawa da murya, tana tambayar karatu da mutanen gida.

Ran Asabar da la'asar ɗalibar nan ta zo da ƙawarta. Suka ja ciniki har na gaji da tsayuwa, Gwaggo na cewa albarka tana murmushi. Zane biyu kawai suka saya, amma na daɗe ban ga fuskarta haka ba.

Bayan an tashi daga coci ran Lahadi muka juyo, da ƙullin gyaɗa da Gwaggo ta tilasta mana. Mun shiga Kaduna ana yayyafi. Abin da na koya shi ne, mataimakin nan ya iya kawo mutane bakin ƙofa, kuma zan ci gaba da aiki da shi. Amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ni kuma na manta na faɗa masa yadda mutanenmu ke sayen kaya.

Ban san abin da Gwaggo ta yanke a kan kekunan ba, kuma na ji tsoron tambaya. Ran Litinin da yamma na daure na kira ta. Ƙarar keken ɗinki ce ta fara shiga kunnena.

"Ina da aiki, 'yar nan," ta ce. "Kira ni anjima."