Sassaƙe a But, Ruwan Teku a Jarka

Ko da zan manta da duk tafiye-tafiyen da na yi a aikin tuƙi, ban da ranar da aka ƙwace mini makullin mota a bakin wani gandun daji a Kudu, saboda kayan da ban san da su ba.

A lokacin ni ne babban direban ma'aikatarmu a nan Minna, saura kaɗan in yi ritaya. Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idar ita ce: kafin motar gwamnati ta bar jiha, jami'in sufuri zai ba da izini, direba ya sa hannu. Daga wannan sa hannun, mota da duk abin da ke cikinta suna wuyan direba har ya dawo. Shugaban tafiya yana iya ba da umarni, amma in an sami matsala ba shi ake kira ofis ba.

Hutun Ista ne ƙungiyar ma'aikata ta shirya yawon buɗe ido. Za a je wani gandu wajen Ijebu a ga manyan itatuwan da aka ce sun girmi kakannin kakanninmu, daga nan a gangara bakin teku. Shugaban ƙungiyar, Oga Ndagi, shi ne jagora. Kafin mu tashi sai da ya tsayar da kowa a rana ya yi jawabi kan ɗa'a.

"Mu wakilan jiharmu ne," in ji shi. "Duk wanda ya ba mu kunya, ni da shi ne."

Wahala ta fara tun kafin Garatu. Mama Ladi, mai sharar ofishinmu, ta ce a tsaya ta leƙa mijinta da ke kwance a gida, ɓarin jikinsa ya shanye. Wannan ba wanda zai hana. Amma da ta sauka, rabin mota ya bi ta, wasu sayen doya, wasu gaisuwa. Na ce doyar mece ce, mu da za mu Kudu? Aka ce ai ta nan ta fi daɗi. Muka bi hanyar Bida a bayan tankoki, muka wuce Mokwa da Jebba, kowane gari sai an sami mai fitsari, mai sallah, mai neman tsire. Muka kwana a Ilorin, washegari da hantsi muka isa gandun.

A ƙofa wani babban ma'aikacin gandun ya yi bayani da turancin buroka da kowa ya ji: a kalla, a ɗauki hoto, amma ko ganye kada a tsinka. Motar da aka kama da kayan daji, ita da direbanta sun zama na hukuma.

Na kulle mota na bi su, don ni ma ina son in gani. Gaskiya abin ya wuce labari. Akwai wata bishiya da saiwoyinta suka taso daga ƙasa kamar katangar gida, mutum ya shige tsakaninsu ba a ganinsa. Muka riƙe hannun juna, mu da yawa, ba mu zagaye gindinta ba. Na ɗaga kai neman ƙarshenta har hulata ta faɗi. Wurin sanyi ƙalau, da rana tsaka amma kamar magariba ta kusa. Ina cikin wannan kallon Oga Ndagi ya matso.

"Baba Sule, ara mini makulli, na bar maganina a jaka."

Na ba shi. Shugaba ne, kuma na san yana da hawan jini. Makullin bai dawo hannuna ba sai da muka zo tafiya, kuma daga hannun wani daban.

A shingen fita aka ce in buɗe but, wurin kayan mota. Na buɗe da ƙwarin gwiwa, har ina raha. Ƙarƙashin doyar nan sai ga ledoji da ƙunshin zannuwa, cike da sassaƙe da saiwa, ɗanye shar, yana zubar da ruwa. Babban ma'aikacin gandun nan ya dube ni, ya miƙo hannu. Na sa masa makulli.

"Na wa ne?" ya tambayi 'yan cikin mota.

Mutanen da tun daga Minna ba su bar kunnena ya huta ba, kowa ya duƙufa kan wayarsa.

"To, direba ne zai bi mu ofishin 'yan sanda."

Na hau matakalar mota, raina a ɓace. Na ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Shekaruna nawa ina kai ku ina kawo ku? Yanzu a ƙarshen aiki za ku sa a rubuta mini ɓarawon itace, fanshona ya tafi? Oga Ndagi, ranka ya daɗe, kai ka karɓi makulli, ka yi magana mana."

Oga Ndagi ya gyara hula. "Za mu kafa kwamiti mu bincika in mun koma gida."

Kwamiti! Ni ina ɗakin 'yan sanda a Ijebu, su suna kwamiti a Minna.

Mama Ladi ce ta miƙe. Ta sauko tana kuka, ta jawo wani ƙunshin zani shuɗi.

"Wannan nawa ne. Baba Sule bai sani ba. An ce mini itace da ya daɗe haka, maganinsa yana tayar da mai kwance. Don maigida na ɗiba."

Ma'aikacin ya ce sauran masu kaya su fito. Ganin ba a cinye Mama Ladi ba, sai aka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan na uwarsa ne mai ciwon gwiwa, wancan na basir, wata ta ce 'yarta ta daɗe da aure ba haihuwa. Daga ƙarshe leda guda ta rage, mafi girma. Aka yi ta kallon-kallo. Sai Mista Bulus na sashen kuɗi ya ce, "Oga Ciyaman, wannan ba ledar da ka zuba takalmanka ba ce?"

Oga Ndagi ya sauko ya ɗauka.

Ma'aikacin nan mutumin kirki ne. Ya koma da mu gindin bishiyar ya nuna mana inda aka sassaƙe ta, fari fat kamar gyambo. Ya ce ta nan ƙwari da ruɓa suke shiga, abin da ya tsaya tun kafin zuwan Turawa sai ya mutu a hannun baƙin yini ɗaya. Bai kai mu ga 'yan sanda ba. Ya ƙwace kayan, ya tura masu laifi wurin renon dashe su cika ledoji da ƙasa su yi ban ruwa har la'asar. Ni aka ba ni benci a inuwa da makullina. Ina kallon Oga Ndagi da babbar riga a naɗe yana jan bokiti.

Na ɗauka an yi hankali. Washegari muka isa teku. Ruwa ba iyaka, bishiyoyin kwakwa a jere, masunta suna jan taru suna waƙa, igiyar ruwa tana bugun gaɓa kamar tirela ta sauke kaya. Na cire takalmi na taka rairayi, na ce yau dai zan huta. Ina juyowa sai ga jama'ata sun yi layi, kowa da jarka a ka.

"Mene ne kuma wannan?"

"Ruwan teku ne, Baba Sule. Yana maganin ƙaiƙayi da sammu. Wannan kam ba mai shi, mun tambaya."

Na ce motata ba tankar ruwa ba ce. Aka yi ta roƙo, har Mama Ladi ta durƙusa. Na yarda da ƙananan jarkoki, na duba murfin kowace da hannuna. Amma wani ya cusa wata babba ƙarƙashin kujerar baya, ta fashe a ramukan hanyar Mokwa. Kafin damina ta ƙare tsatsa ta cinye ƙasan motar. Takardar tuhuma ta zo, kuma sunana ne a kai. Na amsa, aka yi mini gargaɗi, magana ta mutu. Har yau mai jarkar bai bayyana ba.

Ku da kuke fara aikin nan, ga abin da na koya. Fasinja ba mugu ba ne. Yawancinsu sun baro mara lafiya a gida, kuma duk inda suka ga abin mamaki, magani suke gani. Ku tausaya musu, ku tsaya inda ya kamata a tsaya. Amma tausayi daban, makulli daban. Kada ya bar aljihunka ko wa ya tambaya, kuma kafin ka tayar da mota, ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin kowace kujera da idonka. In wani ya ce ka raina shi, ka ba shi haƙuri, ka ce ya ɗaga ƙafa.