Jakar Baba da Kwanon Ciyayya

Ina cikin keke daga Gwadangaji zuwa wurin aiki, ranar Talata da hantsi, wayar Baba Manu ta shigo. Aminin mahaifina ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Argungu. Ya ce, "Sani, sai haƙuri. Bawa ya riga mu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce wa mai keke ya juya da ni tasha.

Mahaifina, Malam Bawa, manomin albasa ne da shinkafa a fadama. Tsabtarsa har ta yi yawa. Ko daga gona ya fito sai ka rantse ɗaurin aure ya je. Shekara huɗu da suka wuce ciwon hanji ya kwantar da shi. Likitoci suka yanke inda ya lalace, suka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, bayan gida na zuba cikin wata jaka da ake mannawa a fata. Ran da ya farfaɗo ya ga abin, sai ya juya fuskarsa bango. Ya sa ni da Inna muka yi masa alkawarin ba wanda zai ji.

Daga nan komai ya sake. Wake ya fita daga abincinsa, albasar da yake nomawa ma sai kallo, don suna cika jakar da iska. Da bazara gumi kan saki mannin, Inna ta yi ta wanki a bayan ɗaki. Ni ke kai masa sababbin jakunkuna daga Birnin Kebbi, a ƙunshe kamar kayan sata. Alwala ta fi komai damunsa, sai da na tambayo wani malami ban ambaci suna ba, ya ce mai irin wannan lalura yana da uzuri, sallarsa ta yi. Baba ya koma masallaci, amma ƙarshen sahu, kusa da ƙofa.

Abin da ya kasa komawa shi ne ciyayya. Fiye da shekara talatin, bayan magariba, shi da Baba Manu da maƙwabta biyu kowa kan fito da kwanonsa a ci tare. Ita kuwa jakar ba ta san kunya ba: takan yi ƙara sa'ad da ta ga dama, wani lokaci har da ɗan wari. Baba ya ce ba zai ɓata wa mutane abinci ba. Ranar da Baba Manu ya kawo masa alala da hannunsa, Baba ya yi godiya ya ajiye, bai taɓa ba.

To, kun san mutanenmu. Wanda ya tashi daga ciwon ciki ya daina cin abincinka, fassara ɗaya ce: yana zarginka da sammu. Magana ta zaga unguwa. Baba Manu ya ɗauke ƙafa daga zaurenmu. Wallahi na ji haushin Baba. Na ce masa zai rasa amininsa saboda leda. Ya ce, "Ɗana, gara ya ƙi ni da ya yi ƙyamata."

Wata takwas ana haka. Wata Asabar bayan la'asar, ina zaune, Baba Manu ya yi sallama da Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle. Ya ce, "Bawa, ga shi. In ni na ba ka wani abu kac ci, ya ci ni." Baba ya miƙe, ya riƙe masa hannu. Sannan ya ɗaga rigarsa.

Baba Manu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanga ne? Don wanga abu kab bar ni ina haɗiye tuwo kamar ƙasa? Haba Bawa!" Ban taɓa ganin hawayen dattawan nan ba sai ranar. Na fita na ba su wuri.

Da magariba Baba ya fito da kwanonsa. Ana cikin ci jakar ta yi halinta. Baba Manu bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Bawa, gaya ma baƙonka ba a magana bisa abinci." Baba ne ya fara dariya.

Tun daga nan bai ƙara ɓoyewa ba. Da ya ji an yi wa wani magidanci daga ƙauye irin aikinsa har ya kulle kansa a ɗaki, takanas ya je ya nuna masa yadda ake yanka bakin jaka daidai da wurin, da yadda ake ɗaura wando ƙasa da ita. Ya ce masa, "Kowa na ɗauke da tashi. Tamu ce kawai ta hito waje."

Wasiyyarsa ɗaya ce: Manu ya wanke shi. Ranar rasuwar, na isa gida Baba Manu yana fitowa daga ɗakin, hannun rigarsa a jiƙe. Ya dafa ni ya ce, "Na cire ta, na wanke wurin, na rufe. Aminina ya tahi tsab."

Allah Ka ba Inna da ƙannena da Baba Manu haƙurin wannan rashi. Ka ba masu fama da irin wannan lalura a ɓoye wanda za su iya gaya wa. Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa, Ka suturta shi a can kamar yadda amininsa ya suturta shi a nan. Amin.